HANYAR DA ƊAN ƘASAR GWANDU ZAI BI YA ZAMA MASANIN HALAYYAR ƊAN ADAM

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 

Maƙasudin wannan jawabi shi ne a bayyana hanyar da yaro ko yarinya na ƙasar nan za su bi su zama masana halayyar ɗan Adam, watau ma'aikatan da aka horar don su taimaki wanda hankalinsa ko zuciyarsa ta sami damuwa. Za a faɗi yawan shekarun karatun, da wuraren da a ke yinsa, da takardun da ke nuna mutum ya ƙware, da kuma rabon aikin da ya faɗo kan Hakimi da Malaminsa.

1. DALILIN WANNAN MAGANA

Da wuya a sami Hakimin da bai taɓa zama a zaurensa an kawo masa ɗaya daga cikin al'amuran nan ba. Ga saurayi, da can mai ladabi ne, yanzu ya daina barci, yana zagin mahaifinsa, yana cewa ana binsa za a kashe shi. Ga mai jego ta ƙi ba jaririnta nono, ta zauna tana ta kuka, ita kanta ba ta san dalili ba. Ga manomi ruwa ya cinye shinkafarsa ta fadama, bashi ya hau kansa, ya daina fita, ya daina magana da kowa. Dangi su kan yi iyakar ƙoƙarinsu, in sun gaji su zo gaban Hakimi neman shawara. Sau da yawa kalmar da ta fito daga bakin Hakimi a ran nan ita ke sa a kai mutum asibiti, ko kuwa a sa shi a mari.

Abubuwan da ke jawo irin wannan ciwo ba su ragu ba. A 2020 ambaliya ta lalata gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi. A watan Mayu na 2021 jirgin ruwa ya nutse a kogin Kwara wajen Wara, da mutane fiye da 100 a cikinsa. A watan Yuni na shekarar kuma 'yan bindiga suka kwashe 'yan makaranta daga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri. Wanda ya tsira daga irin waɗannan masifu, ko ya rasa nasa a ciki, raunin jikinsa ya kan warke, amma firgita ta kan zauna masa a zuciya shekara da shekaru.

Sa'an nan ga shaye-shaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 a Nijeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. A cikin kowane mutum huɗu, ɗaya mace ce. Wiwi ne kan gaba, sai ƙwayoyi irin su tiramol, sai maganin tari mai kodin, wanda Gwamnatin Tarayya ta hana yinsa da shigowa da shi a wannan shekarar.

Masu magani kuwa kaɗan ne. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya duka ba su kai 300 ba, bisa ga abin da ƙungiyarsu ta bayyana a 2022, ga mutane fiye da miliyan 200, galibin likitocin kuma a manyan birane su ke zaune. Ƙidayar 2006 ta sami kimanin mutum 151,000 a Ƙaramar Hukumar Gwandu, da kimanin 85,000 a ta Kalgo, jama'a kuwa ta ƙaru ƙwarai tun daga nan. Babban asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya mafi kusa da su shi ne na Kware, gaba da birnin Sakkwato. Kowa ya san abin da tafiya Kware ke ci wa talaka, kuɗin mota da guzuri da barin gona.

2. ASALIN ILMIN

Akwai iyayen da ke ɗari-ɗari da wannan karatu, suna tsammani baƙon abu ne da zai raba ɗansu da tarbiyyar gida. Ya kamata Hakimi ya san amsar da zai ba su.

Wani malami na ƙasar Hurasan, Abu Zaidu al-Balhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus. A ciki ya yi bayanin fushi, da tsoro, da baƙin ciki, da wasuwasi, ya ɗauke su cututtuka masu magani kamar ciwon jiki. Ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda a ke sanin dalilinsa, kamar rashin ɗan'uwa ko dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum ba dalili, wanda ya ce tushensa a jiki ya ke.  A Misira kuma, asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284 yana da sashe na masu taɓin hankali. A nan gida, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke garin Gwandu, ya rubuta Masalihul Insan a kan abin da ke gyara addinin mutum da jikinsa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya bar littattafai da dama a kan magani. Ashe neman ilmin lafiya gadon ƙasar nan ne.

A Turai, wani malamin Jamus, Wilhelm Wundt, ya buɗe ɗakin gwaje-gwaje na farko na wannan ilmi a birnin Leipzig a 1879. A Nijeriya, Jami'ar Nsukka ce ta fara buɗe masa sashe a 1964, daga baya Legas da Ibadan da Jos suka biyo.

Akwai wani darasi daga Aro ta ƙasar Abeokuta da ya shafi Hakimai kai tsaye. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya shirya da shugabannin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro, aka riƙa saukar da majinyata a gidajen mutanen ƙauye, kowane da ɗan'uwansa mai kula da shi. Da rana su je asibiti a duba su, da yamma su koma masauki su ci abinci cikin mutane. Ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su. Shirin ya yi suna a duniya, shi kansa Lambo daga baya ya zama Mataimakin Shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Da shugabannin ƙauyukan nan sun ƙi buɗe ƙofofinsu, da shirin bai tashi ba.

3. MA'AIKATA IRI HUƊU

Mutane su kan haɗa ma'aikatan nan su kira su duka likitan mahaukata. Ya kamata Malamin Hakimi ya iya rarrabe su, domin karatunsu dabam, ikonsu dabam.

Na farko, likitan ƙwaƙwalwa. Shi cikakken likita ne, ya yi shekara 6 a makarantar likita irin ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ya yi shekara 1 ta sanin makamar aiki a asibiti, sa'an nan ya ƙara shekara 4 ko fiye yana ƙwarewa a kan cututtukan hankali. Shi ke rubuta magani, shi ke kwantar da majinyaci, shi ke sallamarsa.

Na biyu, masanin halayyar ɗan Adam na asibiti, wanda wannan jawabi ya fi shafa. Shi ba ya rubuta ƙwaya, ba ya yin allura. Kayan aikinsa su ne saurare, da tambaya, da gwaje-gwajen auna tunani da fahimta, da magani ta hanyar zantawa. Ya kan zauna da majinyaci kamar sa'a guda, mako-mako, ya koya masa yadda zai gane tunanin da ke jawo masa tsoro ko baƙin ciki, da yadda zai tare shi tun bai yi ƙarfi ba. In mai shaye-shaye ne, su binciko tare lokutan da sha'awar ke taso masa da abokan da ke jansa, su shirya abin da zai yi a madadin haka. Ya kan auna yaron da karatu ya gagara, a gane ko jinkirin fahimta ne, ko tsoro, ko wani abu dabam. Ya kan kuma tara iyali ya nuna musu yadda za su zauna da mara lafiyarsu.

Na uku, ma'aikacin jinya na sashen ƙwaƙwalwa. Ya fara zama nas mai rajista, a makaranta irin ta koyon aikin jinya da ke Birnin Kebbi, sa'an nan ya ƙaro karatu na musamman a makaranta irin ta asibitin Kware. Wannan hanya ta fi gajarta, kuma shi ne ma'aikacin da talaka ya fi saurin samu.

Na huɗu, malamin ba da shawara na makaranta. Ya karanta jagoranci da ba da shawara a sashen koyon aikin malanta, kamar yadda a ke koyarwa a Sakkwato da Zariya da Kano. Aikinsa shiryar da 'yan makaranta ne a kan karatu da sana'a da ɗabi'a. A 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta kafa wa masu wannan sana'a hukumarsu. Aikinsa mai daraja ne, amma ba a horar da shi don jinyar mai taɓin hankali ba.

4. MATAKAN KARATU

A ɗauki misali da yaro ɗan Kalgo, ko yarinya 'yar Gwandu, da aka sa aji ɗaya bana.

Mataki na farko, firamare shekara 6 da sakandare shekara 6. A ƙarshe ana bukatar ya ci darussa 5 da kyakkyawan sakamako a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu lalle da Turanci da Lissafi. Jami'o'i da yawa suna son a haɗa da ilmin halittu. Kada a yi mamakin Lissafi, gama ɗalibin wannan fanni zai yi ta fama da ƙididdiga, da ita a ke auna ko gwaji ya faɗi gaskiya, ko magani ya yi amfani. Yaron da ya yi wasa da Lissafi a aji huɗu na sakandare ya rufe wa kansa ƙofa bai sani ba.

Mataki na biyu, jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Tun 2021 ba a yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa. A nan ne a ke yawan yin kuskure wajen zaɓen fanni. Ilmin halayyar ɗan Adam na sashen nazarin zaman jama'a dabam ne da wanda a ke koyarwa a sashen malanta, ko da ya ke sunayensu sun yi kama. Na farko shi ke kai mutum aikin asibiti. Ana koyar da shi a Jos, da Keffi, da Makurɗi, da Ibadan, da Legas, da Ife, da Nsukka, da waɗansu wurare. Lalle ne ɗalibi ya duba littafin JAMB na shekarar da zai shiga, domin a ciki a ke jera jami'o'i da darussan da kowace ta ke so.

Mataki na uku, digiri na farko, shekara 4. A nan zai koyi yadda ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke aiki, da yadda hankalin yaro ke girma, da yadda mutum ke koyo da mantuwa, da halin mutum cikin taro, da alamomin cututtukan hankali. Wanda ya tsaya a nan ya sami ilmi, yana iya aiki a ofis ko makaranta ko gidan gyaran hali, amma bai isa ya buɗe wuri ya ce yana jinyar mutane ba.

Mataki na huɗu, hidimar ƙasa, shekara 1, bisa tsarin da aka kafa a 1973. Wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama digiri a kan ba shi takardar ɗauke masa hidimar.

Mataki na biyar, digiri na biyu a fannin halayyar ɗan Adam na asibiti, kimanin shekara 2. A nan ne ɗalibi ke fara ganin majinyata, malaminsa na tsaye a kansa.

Mataki na shida, horo a asibitin ƙwaƙwalwa ko asibitin koyarwa, a ƙarƙashin wanda ya riga shi ƙwarewa, kimanin shekara 1. Bayan wannan, mai son koyarwa a jami'a ya kan ci gaba har digiri na uku.

In an haɗa lissafi, shekara 20 ke nan. Yaron da ya shiga aji ɗaya yana ɗan shekara 6 zai kai 26 kafin ya zauna da majinyaci shi kaɗai, in ba a sami faɗuwa ko yajin aiki ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙasar da ke son ta ga ɗanta a kan wannan kujera nan da shekara 10, sai ta neme shi yau a cikin 'yan sakandare.

5. WA KE BA DA IZNIN AIKI

A Amurka kowace jiha tana da hukumarta mai ba da lasin wannan sana'a. Galibi sai mutum ya yi digiri na uku, ya yi aiki a ƙarƙashin wani na tsawon lokacin da aka ƙayyade, ya ci jarrabawa, in kuma ya ƙaura zuwa wata jiha ya nemi iznin can. Tsarin Nijeriya ba haka ya ke ba. Tsarin mulki na 1999 ya sa tsara manyan sana'o'i a hannun Majalisar Tarayya. Saboda haka Gwamnatin Jihar Kebbi tana ɗaukar ma'aikaci aiki, Ma'aikatar Lafiya ta jiha kuma tana yi wa asibitin kuɗi rajista, amma shaidar ƙwarewar mutum daga jami'a da hukumomin ƙasa ta ke fitowa, kuma tana aiki a Kalgo kamar yadda ta ke aiki a Kalaba.

Likita yana da rajista da lasin daga Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, wadda a ke taƙaita sunanta MDCN, kuma kowace shekara ya ke sabunta lasin. Nas yana da nasa daga Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma. Masana halayyar ɗan Adam kuwa suna da ƙungiyarsu ta ƙasa, NPA, wadda aka kafa a 1984, masu aikin asibiti a cikinsu kuma suna da tasu, NACP. Ƙungiyoyin nan su ke riƙe da sunayen membobinsu, kuma sun yi shekaru suna kai ƙudurin doka gaban Majalisar Tarayya don a kafa wa sana'ar hukuma irin ta likitoci.

Don haka in baƙo ya sauka a gari ya ce shi masanin halayya ne, yana neman ɗaki ya fara karɓar kuɗin mutane, ga takardu huɗu da Malamin Hakimi zai nemi gani: digiri na farko, da digiri na biyu na fannin asibiti, da shaidar asibitin da ya yi horo, da shaidar rajista da ƙungiyar sana'ar. A kwafe sunan jami'a da shekara da lambar takarda a littafin ofis, a aika wa Daraktan Lafiya na Ƙaramar Hukuma ya bincika. Takardar halartar taron mako guda, ko wadda aka samo ta intanet cikin wata biyu, ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikin huɗun nan. In kuma aka ga mai kiran kansa masanin halayya yana sayar da ƙwaya ko yana yin allura, ya fita daga iyakarsa, sai a kai rahoto nan da nan. Mai gaskiya ba ya jin haushin a tambaye shi takarda.

6. ABIN DA YA SA SAI ƊAN ƘASA

Likitan fiɗa yana iya cire ƙari daga cikin mutumin da ba ya jin harshensa. Masanin halayya ba shi da wannan dama, domin maganarsa ita ce wuƙarsa. In dattijuwa daga ƙauyen Gwandu ta ce zuciyarta ta ɓaci, ko gabanta na faɗuwa, ko kanta na yi mata yawo, kowace magana da inda ta dosa, tafinta kuwa ya kan zubar da rabin ma'ana a hanya. Bafillatanin ruga zai fi sakin jiki da mai jin Fillanci, Bazabarme da mai jin Zabarmanci. Ɗan ƙasa ya san kunyar da ke tsakanin suruki da suruka, ya san abin da ɗan fari ya ke a wurin uwarsa, ya san nauyin da kishi da rashin haihuwa ke ɗora wa mace, ya san abin da ba a faɗa a gaban uba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo.

Wannan ya fi ƙarfi a wajen mata. Matar aure ba za ta buɗe cikinta ga baƙon namiji ba, mijinta ma ba zai so ba. In ba a bar 'yan mata sun yi wannan karatu ba, rabin jama'a ba su da mai sauraronsu. Aure ba ya hana shi, akwai matan aure da yawa a jami'o'i, abin da a ke bukata shi ne a yi sharaɗi tun wajen neman aure, Hakimi kuwa yana da bakin da za a ji a wannan wuri.

Wurin aiki kuma yana nan kusa. A ƙasar Kalgo akwai babban asibitin jiha, akwai kuma mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013. A Birnin Kebbi akwai asibitin tunawa da Sarki Yahaya da asibitin Tarayya. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da gidajen gyaran hali, da makarantun kwana, duka wurare ne da ke bukatar irin wannan ma'aikaci.

7. DOKA DA MAGANAR MARI

Tun zamanin Turawa dokar da ta shafi masu taɓin hankali dokar tsarewa ce. An yi ta a 1916, aka sabunta ta a 1958, babban nufinta a kawar da mara lafiya daga idon jama'a. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin waccan. Sabuwar doka ta ba mara lafiya haƙƙin a yi masa magani da mutunci, ta hana a wulakanta shi ko a nuna masa bambanci saboda ciwonsa, ta kuma hana ɗaure shi da sarƙa.

Ba a manta da abin da ya faru a 2019 ba, sa'ad da 'yan sanda suka buɗe waɗansu gidajen mari a Kaduna da Katsina, suka fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, da yawa da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ta kai su ba, rasa wurin zuwa ne. Muddin babu ma'aikacin da aka horar a kusa, wani gidan marin zai sake buɗewa a ɓoye.

Babu mai cewa a bar addu'a. Malami ya yi addu'arsa, likita ya ba da maganinsa, masanin halayya ya yi zamansa da majinyaci, ba su cin karo da juna. Abin da aka hana shi ne duka, da sarƙa, da horon yunwa. A kuma tuna, ba kowane ruɗewa ne taɓin hankali ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, da sanƙarau, da farfaɗiya, duk suna iya sa mutum sambatu ko fita hayyacinsa, maganinsu kuwa yana asibiti, jinkiri kuma yana kisa.

8. RABON HAKIMI DA MALAMINSA

Na ɗaya, Hakimi ya nemi shugabannin sakandaren ƙasarsa su nuna masa yara biyu ko uku, maza da mata, masu ƙoƙari a Lissafi da Turanci, masu haƙuri da riƙon asiri. Ya kira iyayensu ya bayyana musu wannan hanya da tsawonta, kada a ɓoye musu kome.

Na biyu, Malamin Hakimi ya lura da takardun yaran. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa, da takardar jarrabawa, da takardar shaidar asalin Ƙaramar Hukuma. Harafi ɗaya da ya saɓa yana iya tsayar da ɗalibi shekara guda a ƙofar jami'a.

Na uku, a taimaka wajen kuɗi. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Kebbi. Akwai kuma asusun bashin karatu na Tarayya, NELFUND, wanda dokar 2024 ta kafa, ba ruwa a cikinsa, ba a fara biya sai shekara 2 bayan hidimar ƙasa. Digiri na biyu shi ne inda 'ya'yan talakawa suka fi tsayawa, nan ne ya kamata attajiran gari da ƙungiyoyin ci gaban ƙasa su sa hannu, da alkawarin ɗalibi zai dawo ya yi wa ƙasarsa aiki.

Na huɗu, a sanar da Dagatai da Masu Unguwa cewa duk inda aka ɗaure mutum saboda ciwon hankali a kawo labari, a haɗa danginsa da ma'aikacin lafiya mafi kusa don a rubuta musu takardar zuwa babban asibiti. Wanda aka ji yana maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a yi masa faɗa, a kai shi asibiti a ranar. Haka mai jegon da ta ruɗe, a sa mata ido ita da jaririnta har a isa gaban likita.

Na biyar, riƙon asiri. Abin da Malami ya rubuta game da mara lafiya amana ce, ba a karanta shi a bainar fada, ba a hira da shi a kasuwa. Yarinyar da aka yayata ciwonta ta kan rasa miji ko da ta warke sarai. A kuma daina kiran mutum mahaukaci a takardun ofis, a rubuta mara lafiya.

Ana roƙon kowane Hakimi ya sa Malaminsa ya karanta wannan takarda a gaban Dagatai da limamai da shugabannin makarantu a zamansu na gaba, a kuma ajiye kwafi a ofis don mai neman bayani. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi, ya yi wa yaran ƙasar Gwandu albarka a karatunsu, ya taimaki shugabanni a kan amanar da ke wuyansu. Amin.